Muryar da Ke Kunnen Auta

*SHAFI NA 19*

Jama'a ku yi min afuwa, jiya wayata ce ta yi wanka a bokitin wanki, sai yau ta farfaɗo. Baiwar Allahn nan da ta cika min akwati da saƙo wai na bar Auta tsaye gaban aji na je na kwanta, to ki sassauta min, ga ta nan na sauko da ita.

Sababbin shigowa kuma ku matso. Auta yarinya ce mai in'ina. Wata jami'a a ƙasar waje ta ba ta gurbin karatun ƙera ƙafa da hannun roba, da sharaɗin sai ta ci jarrabawar magana da Turanci. Gobe ce jarrabawar. Yau aka yi gwajin ƙarshe a cibiyar da ake shirya su, ta tashi ta zuba Turanci tiryan-tiryan ko gargada babu, aji ya ɗauki tafi. Mutum ɗaya ce ba ta tafa ba.

* * *

"Kowa ya tafi. Auta, ke tsaya."

Malama ce ta faɗa, ko ɗago kai ba ta yi ba, tana harhaɗa takardunta.

Ɗalibai suka fara fita suna waiwayen Auta. Wani dogo mai shirin karatun likita ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Wallahi ashe da can raina mana hankali kike yi. Yau kin kwance mana kai."

Auta ta yi ɗan murmushin da bai kai ido ba.

Malama ta tura ƙofa ta rufe. Ta kashe fanka. Ajin ya yi tsit.

"Zauna."

Auta ta zauna a bakin kujera, hannuwanta cikin hijabi.

"Tun farkon zangon nan nake sauraron bakinki," in ji Malama. "Na san inda kike tuntuɓe. Na san inda kike jan numfashi. Na san yadda kike murza yatsa kafin harafin p ya yarda ya fito. Yau ko ɗaya ban gani ba."

"Na yi ƙo-ƙo-ƙoƙari ne, Malama."

"Ƙoƙari kam kin yi. Amma kalmar nan ta asibiti, wadda na sha fama kafin na raba ki da yadda kike jan ta, yau ta dawo da jelarta. Wannan ba bakinki ba ne. Sannan kina tsakiyar magana wata mota ta danna hon a ƙasa, kika tsaya cak. Hon ya ɗauke, kika ɗora."



Malama ta miƙo tafin hannu.

"Ba ni."

Babu inda za ta. Auta ta tura hannu ƙarƙashin hijabi, ta zaro wani ɗan abu daga kunnenta, bai fi ƙwayar wake ba, launinsa launin fata. Ta ajiye a hannun Malama.

"Wayar fa?"

Ta ciro ta daga aljihu. Kiran bai ma katse ba. Malama ta danna lasifika, sai ga muryar namiji ta cika ajin.

"Auta? Ya aka yi? Na ji kamar tafi. Sun tafa, ko?"

Auta ta runtse ido, ta so ƙasa ta tsage.

"Sun tafa, Malam," in ji Malama. "Bene na biyu, ƙofar ƙarshe. Kar ka tayar da motar, ina ganinka ta taga."

Can aka ji ƙarar rufe ƙofar mota.

* * *

Yaya ya shigo da sallama a ciki-ciki. Babban wan Auta ne, mai shagon gyaran waya. Ɗan sukundireba na leƙowa daga aljihun rigarsa, takardar jawabin Auta kuma na hannunsa a naɗe, duk ta jiƙe da gumi.

Ya kalli ƙanwarsa. Ya kalli abin da ke kan tebur.

"Malama, ina wuni."

"Lafiya. Naka ne wannan?"

"Nawa ne. Kar ki ga laifinta, ni na matsa mata." Ya ja numfashi. "Amma don Allah ki saurare ni. Wannan ba satar amsa ba ce. Ita ta rubuta abinta, harafi ɗaya ban ƙara ba. Rabin kalmomin ma ban san ma'anarsu ba. Tun muna yara na lura, in muka haɗa baki muna karatu tare, in'inar guduwa take yi. Shi ke nan fa. Ina karantawa, tana bi na. Ai kamar gilashin ido ne."

"Gilashin ido ba ya zama a mota yana jiran a tafa masa."

Yaya ya sosa ƙeya.

"Zauna, Malam."

Ya ja kujerar ɗalibai ya matse a ciki, gwiwoyinsa na dukan tebur.

"Na yau gwaji ne, tsakaninmu ya tsaya," in ji Malama. "Gobe kuwa, kafin a fara, za a sa ta nuna kunnuwanta, ni zan duba da idona. Kuma ka sani ba zan ce ban gani ba. Wanda ya faɗi jarrabawa yana sake zama. Wanda aka kama da wannan, sunansa ake rubutawa a tura wa jami'ar. Daga nan an rufe ƙofa, kuma ba tasu kaɗai ba."

"Ai shi ya sa na nemo mai launin..."

"To mu ce ban gani ba. Ta wuce. Ta hau jirgi ta sauka. Ranar farko malami ya ce kowa ya tashi ya gabatar da kansa. Kana ina?"

Malama ta ɗora.

"Ka zaci Turanci kawai muke koya musu a nan? Muna koya musu yadda ake ɗaga hannu a ɗakin lacca mai cike da baƙin fuskoki. Yadda ake aiki a rukuni da mutanen da kowa da irin lafazinsa. Yadda ake ce wa malami ban yarda ba, ba tare da rashin kunya ba. Gaba kuma mara lafiya zai zauna gabanta ya ce ƙafar nan tana cina a nan, ya jira amsa. Kana ina, Malam?"

"Ta shiga tukuna!" Muryarsa ta ɗaga. "Ta shiga, sauran Allah zai kawo mafita. Malama, ke zango ɗaya kika san ta. Ba ki ga ranar da aka tsayar da ita a filin makaranta ta karanta jawabi ba. Tana aji huɗu. Ta maƙale a sunanta, sunanta fa! Yara suka biyo ta har ƙofar gida suna kwaikwayonta. Kin ga wannan?" Ya nuna tabo a girarsa. "A ranar na samo shi. Tun daga lokacin ni ne bakinta. A kanti ni, a asibiti ni, ko baƙi aka yi ni nake amsa gaisuwarta. Yarinyar nan ta fi ni ƙwaƙwalwa nesa ba kusa ba. Sai in zuba ido harshe ya hana ta abin da kanta ya ba ta?"

Idanunsa sun kaɗa sun yi ja.

Auta ta ɗago.

"Yaya, ni ina s-s-s..."

"Tana so ta ce ki yi haƙuri, Malama."

"A'a. Ina s-s-so..."

"Tana so ki rufa mana asiri, gobe in Allah ya..."

Auta ta daki tebur da tafin hannu. Biron Malama ya yi tsalle ya faɗi ƙasa.

"Ka b-b-bari in ƙarasa!"

Yaya ya saki baki. Tunda aka haife ta bai taɓa jin ta ɗaga masa murya ba.

Malama ta jingina da kujera ta harɗe hannuwa. "Bismillah, Auta. Ba inda za mu."

Auta ta gyara zama. Ta murza yatsa.

"Yau da suka t-tafa, ban ji daɗi ba. Ko kaɗan. K-kai suka tafa wa. Ni ina tsaye kamar rediyo."

"Auta..."

"Ban g-gama ba."

Ya ja bakinsa ya yi shiru.

"Na san don ni kake yi. Na san t-tabon nan nawa ne. Amma Yaya, in na fara magana kai kake ƙarasawa. Rabi kana d-dacewa. Rabi ba abin da nake nufi ba ke nan." Ta share ido da gefen hijabi. "Ka tuna jan t-takalmin da ka saya min da na gama firamare?"

"Na tuna. Kina son sa kamar me."

"B-b-baƙi nake so."

"Baƙi? To me ya hana ki faɗa?"

"Ina cikin faɗa ka ce a naɗe."

Malama ta juya fuska wajen allo, kafaɗunta na motsi.

Yaya ya yi wata irin dariya da ta fito tare da hawaye. Ya dafe goshi. "Har ya mutu kina sa shi."

"Saboda kai ka s-saya." Ta matso da kujerarta kusa da tasa. "Gobe ni zan yi. In na ci, ni na ci. In na f-f-faɗi, ni na faɗi. Ina so in san wace ce a ciki. In na je can da m-muryarka, kullum zan riƙa jiran ranar da za su gane."

Ya daɗe yana kallon ta, kamar yau ya fara ganin ta. Sannan ya warware takardar da ke hannunsa, ya shafe ta a cinya don ta miƙe, ya ajiye a gabanta.

"Taki ce," ya ce.

Ya ɗauki ɗan abin kunnen ya jefa aljihu. "Wannan kuma gobe zan sayar wa wani mai surukai da yawa."

Malama ta sunkuya ta ɗauki bironta.

"Saura magana ɗaya. Tun makon farko na gaya miki dokar jarrabawar ta yarda mai in'ina ya sanar, a ƙara masa lokaci. Ba gudun baki suke aunawa ba. So suke su ji kina da abin faɗa, kuma ana gane ki. Kika ƙi."

"Ni na hana ta," in ji Yaya a hankali. "Na ce kar ta nuna musu rauninta."

"Yanzu fa, Auta?"

"Ki s-sanar da su. Amma gobe ni ma zan faɗa da bakina."

"Tashi to. Daga farko."

Suka yi ta yi har rana ta yi sanyi. Yaya na kujerar baya. Duk inda ta maƙale sai ka ga leɓensa ya fara motsi, sai ya yi maza ya cusa ƙugun hannu a baki. Kafin su tashi har shatin haƙora ya fito a fatarsa.

* * *

Washegari da safe Auta ta tarar Umma ta riga ta goge mata kaya. Tun rasuwar Baba su biyu ne a gidan, Yaya na can da iyalinsa. Umma tela ce, kuma babu wata mai kawo ɗinki da ba ta ji labarin tafiyar Auta ba. Har rigar sanyi ta ɗinka mata mai shafi biyu, tana rataye a jikin ƙofa tun kafin a sa ranar jarrabawa.

"Ci wani abu mana."

"Ba zai w-wuce ba, Umma."

"To sha shayin." Ta gyara mata bakin hijabi, ta daɗe hannunta na kan kumatunta. "Allah ya zaɓa mana abin da ya fi alheri."

"Amin."

"Bari in ɗauko mayafina. Da ni za a je."

Ɗakin jarrabawar ƙarami ne, tebur ɗaya, kwamfuta ɗaya, bango an lulluɓe shi da soso don kar hayaniya ta shigo. Umma da Yaya suka zauna kan benci a baranda. Malama ta shiga da Auta, ta rufe ƙofa, ta koma kujerar kusurwa. Yau ba malama ba ce, mai sa ido ce.

Allon kwamfuta ya kawo haske. Wata tsohuwa ta bayyana, kanta fari fat, gilashi a kan karan hanci, kofi a gefenta. Ta ce ita ce farfesar sashen. Ta sa aka zagaya da kyamara ta ga ɗakin. Ta sa Malama ta duba kunnuwan Auta.

"Babu komai," in ji Malama, da ƙarfin da ya fi na kullum.

"Madalla. Ki fara idan kin shirya."

Daga nan duk da Turanci aka yi, amma ga yadda ta kasance.

Auta ta dafa tebur da hannu biyu.

"Ina k-kwana, Farfesa. Kafin in fara, ina da in'ina. Zan m-maƙale a wasu wurare. Ba mantuwa na yi ba, kuma ba tsoro ba ne. Ina roƙon a b-bar ni in ƙarasa da kaina."

Farfesa ta ajiye biro. Ta ɗauki kofinta ta gyara zama.

"Lokacin naki ne. Ni shayina ma bai huce ba."

Auta ta fara. Jimlar farko ta fita da ɗingishi. Ta biyu ta fi. Ta uku ta zo kan kalmar da ke nufin ƙafar roba, wadda da harafin p take farawa, kuma ita ce sunan karatun gaba ɗaya.

Leɓɓanta suka haɗe suka ƙi rabuwa.

Iska ta taru a ƙirjinta. Tana jin zufa na gangarowa ta bayan kunne.

Malama ta kafa ido a ƙasa, farcenta ya nutse a tafin hannu.

Farfesa ba ta motsa ba. Ba ta kalli agogo ba. Ba ta yi irin murmushin tausayin nan da Auta ta tsana ba. Jira kawai take.

Auta ta saki iskar. Ta murza yatsa. Ta sake ɗaukowa a hankali, yadda suka yi ta yi jiya.

Kalmar ta fito. A gurguje, amma ta fito, kuma cikakkiya.

Farfesa ta gyaɗa kai sau ɗaya.

A waje kuwa Yaya ya kasa zama. Ya je ƙarshen baranda ya dawo, ya sake zuwa. Bakinsa na ta motsi, jawabin yake karantawa da ka, shi da bai san ma'anar rabinsa ba.

"Kai zauna, kana sa ni jiri," in ji Umma.

"Yanzu tana wajen maganar asibiti. Allah ya sa kar ta ja ta irin nawa."

A ciki Auta ta kai ƙarshen jawabinta. Ta maƙale a wurare da dama, ta fita daga kowanne da ƙafarta.

"Na gode," in ji Farfesa. "Yanzu ajiye abin da kika haddace. Me ya kawo ki wannan fannin? Yara masu makinki likita suke nema."

"B-babana. Ciwon suga ya sa aka yanke masa ƙafa. Aka ba shi ta roba, amma tana c-cin sa. Sai ya jingine ta a bango ya koma sanda. Ni na riƙa duba wurin. Na ga da safe dungulmin ya s-saɓe, da yamma ya kumbura. Ƙafar kuwa girmanta ɗaya. Sai na yanka soson kujera da tsofaffin safa, na yi masa ciko a cikinta, na safe daban, na yamma daban. Inda ya yi ja in sa alama da biro, in rage."

"Ya yi tafiya?"

"Har kasuwa. Ya dawo yana f-faɗa wai na sa an daina ba shi kujera a mota."

Farfesa ta yi dariya har gilashinta ya zame.

"To ga tambaya. Yanzu akwai ƙafafu masu kwamfuta a gwiwa, suna gane tudu da gangara da kansu. Ni a ganina nan gaba kowa irinsu ya kamata a ba shi, a daina ɓata lokaci kan na gargajiya. Me kika ce?"

Malama ta ɗago kai. Ta san tarko ne. A nan ɗalibai da yawa suke cewa haka ne, ranki ya daɗe, su zubar da maki.

Auta ta dubi allon.

"Na ga d-dalilinki, Farfesa. Amma ban yarda ba."

"Ina ji."

"Ƙafar da ba za a iya gyara ta a garin da mai ita yake ba, ranar da ta lalace ta zama k-kayan ado. Ta Babana maɗaurinta ya taɓa tsinkewa. Asibitin da suka yi ta suka ce sai an aiko da wani. Wana mai gyaran waya ne. Ya zauna da 'yan ƙarafunansa ya gyara ta kafin la'asar. Ina so in koyi masu kwamfutar, sosai. Amma ina so in ƙera wadda irin wana zai iya b-buɗewa ya gane."

Farfesa ta ɗauki biro ta yi rubutu mai tsawo. Ta sake jefo tambaya, Auta ta amsa. Ta sake, ta amsa. Wata tambayar Auta ba ta gane ba, ta ce a maimaita mata, ba ta ji kunya ba. Can tsohuwar ta cire gilashi ta ajiye.

"Sakamako a rubuce yake zuwa, haka dokar take. Amma ni nake sa hannu, kuma na tsufa da wasan ɓuya. Kin ci. Ki zo da ra'ayin nan naki, akwai malamai biyu a sashena da nake so ki yi musu irin wannan gardamar."

Auta ta rufe baki da hannu biyu. A kusurwa Malama, wadda ɗalibai suke rantsuwa ba ta da hawaye, ta zaro hankici tana wai gyara gilashi.

"Na g-g-gode. Na gode, Farfesa."

"Ke kika yi. Sai dai akwai abu ɗaya da ya zama dole in tambaye ki kafin mu rufe."

Fuskar tsohuwar ta canza.

"Shekaranjiya wata mata ta kira ofishinmu. Ba ta jin Turanci, wani ne yake fassara mata. Ta ce kin fasa zuwa, a ba wani gurbin."

Auta ta matso kusa da allon.

"W-wace ce?"

"Ta ce ita ce mahaifiyarki."

Malama ta miƙe tsaye ba ta sani ba.

"Mu ba ma karɓar irin wannan magana daga bakin kowa sai mai gurbin," in ji Farfesa. "Shi ya sa ban soke ganawar nan ba. Ba na tambayar abin da ke gidanku. Ke nake tambaya. Kina son gurbin nan?"

Auta ta kalli ƙofa. Bayanta akwai benci, a kan bencin akwai matar da ta goge mata kayan da ke jikinta.

Ta juyo. Kalmar ta maƙale. Ta jira ta.

"Ina s-s-so."

"To naki ne. Sai mun gan ki."

Allon ya ɗauke.

* * *

Tana buɗe ƙofa Yaya ya taso kamar zai ture ta.

"Yaya aka yi? Auta? Malama, yaya aka yi?"

"Ta ci," in ji Malama. "Da bakinta. Har sai da ta ce wa farfesa ba ta yarda ba."

Yaya ya kurma ihun da ya sa aka leƙo daga sauran azuzuwa. Ya kama kan Auta ya girgiza, ya saki, ya juya ga mutanen da bai sani ba yana nuna ta.

"Ƙanwata ce! Uwa ɗaya uba ɗaya! Ni na goya ta!"

"Har da kai a cikin amsar," in ji Malama. "Ta gaya musu yadda ka gyara ƙafar Baba."

"Ni? A Turanci?" Ya dafe ƙirji. "Umma kin ji? An ambace ni a ƙasar waje!"

Umma ta taso a hankali, tana murmushi, ta buɗe hannuwa.

"Alhamdulillahi. Zo nan, 'yar albarka."

Auta ba ta matsa ba.

Murmushin Umma ya tsaya a inda yake.

"Umma." Ta ja numfashi, ta kalle ta ido cikin ido. "K-ke kika kira su kika ce na fasa?"

Yaya ya tsaya da dariyarsa a baki. "Kira? Wane kira? Wa ya fasa?"

Babu wanda ya kula shi.

Umma ta sauke hannuwanta. Ta koma ta zauna kan bencin, ta ɗora jakarta a cinya, ta riƙe ta gam.

"Ni ce," ta ce.

"Umma!" in ji Yaya. "Ke da kika ɗinka mata rigar sanyi?"

Ta ɗago ta dube shi, idonta a bushe.

"Kai je ka jira mu a mota. Abin da zan gaya mata ba da kunnenka ba."